Tseren Daƙiƙa Arba'in

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya san inda idonsa yakan huta. Da zarar an doshi Kura, sai jar ƙasa da busasshiyar ciyawa su ja da baya, gonakin tumatir da alkama da albasa su shimfiɗu dama da hagu har iyakar gani. A tsakiyar wannan koren ƙasarmu take, wato Garun Mallam. Ruwan da yake rayar da ita daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Yakan biyo babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya iso bakin fangalin talaka. A gefen kowane kanal akwai 'yar hanya, a kan waɗannan hanyoyi kuwa na ƙarar da yawancin kwanakina bisa keke.

A wurinmu keke jaki ne mai ƙafa biyu. Shi ne yake ɗaukar buhun taki zuwa gona, ya kai kwandon tumatir Kwanar Gafan, ya goya marar lafiya zuwa asibiti. Ni malamin firamare ne har na yi ritaya, wasannin yara kuwa a hannuna suke duk makarantar da aka kai ni. Amma kafin malanta, ina saurayi, na taɓa zama ɗan tsere. Da Raleigh ɗin mahaifina nake yi, irin wanda ake haɗawa a Kano a wancan zamani. Wata rana aka shirya mana tsere tsakanin samarin makarantu, ina kan gaba, saura kaɗan a kai, sai na shiga wata kwana mai rairayi da gudu. Keke ya zame, na shari ƙasa, 'yan kallo suka bushe da dariya. Ba abin da ya karye a jikina, ƙujewa ce kawai a gwiwa. Duk da haka sai na tashi, na kama keken a hannu, na juya wa layin gamawa baya, na nufi gida. Ban sake shiga tsere ba, ban kuma gaya wa kowa yadda dariyar nan ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru ba. Na fara da wannan ne domin shi ne saiwar abin da zan ba ku labari.

A ranin 2023 na shiga Kano sayen maganin feshi, sai na ga wani ɗan keke na gwanjo a kasuwar Sabon Gari, gajere, ƙaƙƙarfa, tayoyinsa ƙanana, sirdinsa can ƙasa kamar ba don zama aka yi shi ba. Mai kayan ya ce na yara ne, ya sallama mini da araha. Na kawo wa autana, wanda shekarunsa goma sha uku a lokacin. Wansa da yake karatu a Zariya ne ya zo hutu ya gane keken, ya buɗe wayarsa ya nuna mana abin da ake yi da irinsa. A nan muka fara jin sunan BMX.

Wasa ne da yara suka ƙago a kudancin Kalifoniya ta ƙasar Amurka wajen farkon shekarun 1970, suna kwaikwayon masu tseren babur a kan turba mai tuddai, da yake ba su da babur sai keke. Abin da ya fara a kangon fili ya girma har ya shiga gasar Olamfik a birnin Beijin a 2008. Tayar keken inci 20 ce, giyarsa ɗaya, birkinsa na baya ne kawai. Mutum takwas suke jeruwa a kan tudun tashi, wanda a manyan gasa tsayinsa yakan kai mita 8, kowa ya jingina tayarsa ta gaba da wata ƙofar ƙarfe. Idan ƙofar ta faɗi sai su gangaro da gudun da yake kusan kilomita 60 a awa, su bi turba mai tsawon mita 300 zuwa 400, cike da tuddai da kwanoni masu gangare. Cikin daƙiƙa talatin zuwa arba'in an gama. Mutum yakan yi shekara huɗu yana shiri domin abin da bai kai tsawon gaisuwar maƙwabta biyu a bakin hanya ba.

Yaron nan bai yi barcin kirki ba a daren. Washegari ya tara abokansa. Duk lokacin da aka yashe kanal akan bar tarin laka a gefe, ni kuma ina da wani ɗan fili da ruwa ba ya hawa, ba abin da yake fitowa a ciki sai ƙaya. Da baro da shebur da kwanon sarki suka yi ta jido lakar nan, suna tarawa, suna yayyafa ruwa, suna daddaɓewa da ƙafa, har suka fitar da miƙaƙƙun layuka uku da kwana biyu. Tudun tashinsu bai wuce ƙirjin babban mutum ba. Ƙofar kuwa falanki ne da muka ɗaura wa igiya, ni ne mai saki. Kafin damina ta kankama, yara biyar sun matsa wa iyayensu an nemo musu ƙananan kekuna, sauran suna karɓa-karɓa. Na kafa doka guda wadda har yau nake gode wa Allah da na kafa ta: ba mai hawa turbar nan sai da hular kwano, da riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe.

Wajen horar da jiki ban sha wuya ba, gama aikina ne na dā. Tun da tseren gajere ne, ƙarfin tashi ake nema, ba doguwar tafiya ba. Da sanyin safiya, kafin makaranta, sai in sa shi ya tashi daga tsaye cik ya taka feda sau goma da iyakar ƙarfinsa, ya huta har numfashinsa ya dawo daidai, ya sāke, har sau takwas ko goma. Wata rana tsallen kwaɗo da zauna-tashi, domin cinya da ƙugu. Da yamma yakan jingina tayar gaba da gindin ɗorawa, ƙafafunsa biyu a kan feda, ya koyi tsayuwa ba tare da ya dafa ƙasa ba, gama haka ake jira a bakin ƙofa. Ya kuma koyi bin ƙananan tuddai ba tare da taka feda ba: ya sassauta jiki idan keke yana hawa, ya danna da hannu da ƙafa idan yana sauka, sai ka ga gudu yana ƙaruwa kamar ana tura shi. Cikin wata shida ya wuce duk abokansa, in ban da ɗan maƙwabcina, wanda ya girme shi da shekara guda.

A nan ne ciwona na dā ya tashi. Na sayo agogo mai ƙirga daƙiƙa, na riƙa tsayawa a bakin turba ina daka tsawa. In ya yi kyau sai in ce da saura, in ya yi kuskure sai in nuna masa ɗan maƙwabci. Ina gaya wa kaina cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiyar magana kuwa ita ce, duk lokacin da ya shiga kwana kaina nake gani, ina so ya ƙarasa mini tseren da na gudu na bari. Akwai alamar da ya kamata in lura da ita: a dā in ya gama zagaye dariya yake yi, ya juya wajen abokansa, yanzu kuwa fuskata yake fara dubawa. Yaron da ya fara hawa domin murna ya koma hawa domin kada ubansa ya ɓata rai.

A layi na biyu yaran sun gina tudu biyu kusa da juna, da rami a tsakani. Mai tsoro yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi asarar gudu. Gwani kuwa yakan tashi daga na farko ya dira a bayan na biyu. Ɗan maƙwabcina ya riga ya iya. Wata yamma cikin Janairun 2024, hunturu yana busawa, ƙura ta rufe rana, na ce wa ɗana yau sai ya tsallake.

Ya ce, "Baba, iska ta yi yawa. A bari sai gobe."

Na ce, "Faɗuwar gaba asarar namiji. Hau."

Ya hau. Na ga ya taho da gudu, na kuma ga lokacin da zuciyarsa ta rabu biyu, taku uku kafin tudun: ƙafa tana cewa a je, yatsa yana taɓa birki. Ya tashi da rabin gudu, tayar gaba ta daki ƙirjin tudu na biyu, keke ya tsaya, yaro ya wuce. Hular kwanon ta tsage. Da muka kai shi asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye. Mako shida ya yi da hannu a rataye. A hanyarmu ta dawowa ba wanda ya ce uffan, sai can ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Ƙashin yaro ba ya wuyar ɗoruwa. Kafin tumatir ya ƙare a gonaki ya koma kan keke, ƙarfinsa yana nan, tashinsa yana nan. Amma da ya doshi tuddan nan biyu sai yatsansa ya ja birki da kansa. Ya koma ya sāke, haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle; na san karin maganar, na sha faɗa wa 'ya'yan wasu, amma ban yi wa nawa uzuri da ita ba. Rana ta huɗu, a gaban abokansa, na kira shi matsoraci. Bai amsa ba. Ya sauka, ya kama keken a hannu, ya nufi gida. Na bi bayansa da kallo, na kuwa san tafiyar nan, gama ni na fara yin ta.

Ya jingine keken a jikin rumbu, ya bar shi har tayoyin suka sace. Tsakanina da shi sai gaisuwar safe, ya durƙusa ya gaishe ni kansa a sunkuye, ya tashi. Yaron da a dā ba na cin tuwo sai yana gefena yana zuba mini surutu, ya koma cin nasa a ɗakin uwarsa. Wata rana da dare mahaifiyarsa ta ajiye mini abinci, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

Ta ce, "Malam, ƙashi ya ɗoru, amma ka sāke karya yaron nan a inda mai ɗori ba ya iya sa hannu. Ni dai tambaya ɗaya gare ni: tseren nan nasa ne ko naka?"

Ban ba ta amsa ba. Daren ne layin ban ruwa ya zo kanmu, sai na ɗauki fartanya da tocila na fita raina a ɓace. Ina da 'yar masarar rani da ba ta daɗe da tsirowa ba. Don in gama da wuri, na sare bakin ruwan da faɗi fiye da yadda na saba. Kafin in ankara ruwa ya shigo da ƙarfi, ya fasa gefen fangali, ya tumɓuke tsiron ya kwashe. Na yi ta tarewa da laka har na gaji, na zauna a bakin kanal.

A zaunen nan ne tunani ya zo mini. Ruwan nan da na buɗe cikin ƙiftawar ido, tun damina aka tara shi a Tiga, ya kuma yi doguwar tafiya a hanyar da wasu suka haƙa tun ina yaro. Manomi ba ya halittar ruwa a ranar ban ruwa. Abin da aka tanada ne yake buɗe wa hanya. Kuma ruwan da yake rayar da shuka, shi ne yake kashe ta idan aka sake shi fiye da abin da fangali zai iya riƙewa. Na yi wata da watanni ina tara wa yaron nan ƙarfi a cinya, ban tara masa kome a zuciya ba sai tsoron fushina. Ranar da ya bukaci natsuwa a gaban tudu, ya buɗe, bai sami kome ba. Sa'an nan na ɗauki burina na shekara arba'in na sake shi gaba ɗaya a kan ɗan tsiro.

A ƙasarmu uba ba ya saurin neman gafara a wurin ɗansa, kun sani. Na yi kwana biyu ina juya maganar a baki. A rana ta uku na kira shi zaure, na ce ya zauna a tabarmata, na ba shi labarin Raleigh da kwana mai rairayi, tun daga farko har tafiyata gida. Na ce masa ranar da ya ce iska ta yi yawa shi ne mai gaskiya, kalmar da na kira shi da ita kuma ni ta fi dacewa da ni. Na ce ya gafarta mini.

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Baba, ashe kai ma ka taɓa faɗuwa?"

Muka yi alkawari uku. Agogo zai zauna a gida. Duk ranar da ya ce yau ba zai tsallaka ba, magana ta ƙare. In kuwa ya ga ya bar keken gaba ɗaya, ba abin da zai ragu tsakanina da shi. Mako biyu bai taɓa keken ba, na kuwa kame bakina. Ran nan da asuba na ji ƙarar famfo a tsakar gida.

Daga nan muka fara horon da ya kamata a ce da shi muka fara. Muka cike ramin da yake tsakanin tuddan da laka, ya zama shimfiɗaɗɗen tudu guda, yadda ko tsallensa bai kai ba zai dira lafiya. Ya yi ta tsallakawa har abin ya gundure shi, sa'an nan muka rage cikon da faɗin tafin hannu. Bayan mako guda muka ƙara ragewa. Shi ne yake cewa a rage, ba ni ba. Na gane cewa tsoro ba ya jin tsawa, amma yana jin shaida: jiki yana so ya ga an yi abu sau hamsin ba a ji ciwo ba kafin ya yarda.

Kafin ya hau, mukan taka turbar da ƙafa, yana faɗa mini inda zai taka feda, inda zai danna, inda zai shiga kwana. Da dare kafin ya kwanta yakan rufe ido ya bi turbar a zuciyarsa daga ƙofa har layin gamawa, har da jin iska da ƙarar taya, domin ranar da zai bi ta da gaske ta zama hanyar da ya saba. Na koya masa cewa keke yana bin ido: mai kallon rami, rami zai shiga, mai kallon inda zai dira, can zai dira. A bakin ƙofa kuma ya tsara wa kansa al'ada guda wadda ba ya sākewa: ya gyara feda, ya ja dogon numfashi sau uku yana sakinsa a hankali, ya kafa ido a kan tudun farko, ya riƙe kalma ɗaya tak a ransa, wato "tura". Zuciyar da aka ba aiki guda ba ta samun sararin ƙirga masifu. Ya sami wani tsohon littafin rubutu yana rubuta abin da ya yi kowace rana, da abu ɗaya da ya gyaru. Ba a rubuta wanda ya wuce wani a ciki.

A manyan gasa, bayan an yi wa 'yan tsere kashedi, ƙofar ba ta faɗuwa a ƙayyadadden lokaci. Na'ura ce take zaɓar jinkirin, wani lokaci nan take, wani lokaci kusan daƙiƙa uku, don kada kowa ya yi canke. Wanda ya yi gaggawa sai ya daki ƙofa ya kife, wanda hankalinsa ya tafi wani wuri sai a bar shi a baya, wanda kuwa ya riga kowa shiga kwanar farko sau da yawa shi yake cinyewa. Sai na riƙa yi masa haka da igiyata, yau in saki da wuri, gobe in ja rai. Da fari yakan fusata. Daga baya ya ce mini jiran nan ya fi tsallen wuya, gama dole mutum ya kasance a shirye sarai, a kwance sarai, a lokaci guda. Na ce masa ni ma a zaure na koyi haka, cikin mako biyun da na yi ina jiran ƙarar famfo.

Damina ta zo ta cinye mana rabin turba, muka koma dashen shinkafa. Cikin Agustan 2024 wansa ya aiko mana da hotunan gasar Olamfik ta birnin Faris. Wadda ta ci zinariya a tseren mata 'yar Ostareliya ce, Saya Sakakibara. Wanta Kai, wanda shi ma ɗan tsere ne, ya yi mummunar faɗuwa a wata gasa a Fabrairun 2020, ya sami rauni a ƙwaƙwalwa wanda ya raba shi da tseren. Ita kanta ta faɗi a gasar Tokiyo a 2021 aka fitar da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, har ta yi tunanin bari. A Faris da lambar wanta, 77, ta yi tsere. A na maza kuwa Joris Daudet na Faransa ne ya ci, a zuwansa na huɗu, bayan ya dawo hannu wofi sau uku. A gasar nan ce kuma Ese Ukpeseraye ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta yi tseren keke a Olamfik, har sai da 'yan ƙasar Jamus suka ara mata keken da ta hau a wani sashe na gasar. Na zaci zinariyar ce za ta burge yaron. Da muka gama kallo sai ya ce, "Baba, ashe su ma da tsoronsu suke hawa." Ban yi masa alkawarin Olamfik ba, gama hangen Dala ba shiga birni ba ne, ƙasarmu kuwa ba ta da irin turbar da waɗancan suke horo a kai. Abin da ya samu a daren ya fi alkawari amfani: ya daina jiran ranar da tsoro zai ƙare kafin ya hau.

Bayan an yanke shinkafa yaran suka sāke gina turbar, ramin nan kuwa suka bar shi a buɗe. Cikin Disamba suka gayyato takwarorinsu daga Kadawa da Chiromawa, aka yi tsere. Turbarmu mutum shida take ɗauka. Muka bi tsarin da muka gani: kowane rukuni ya yi zagaye uku, a ba kowa maki gwargwadon matsayin da ya zo, masu kyakkyawan sakamako su haɗu a zagayen ƙarshe. Kyautar sabuwar taya ce da iyaye suka yi karo-karo suka saya. Ni aka ba igiya.

A zagayen farko ɗana ya fita da kyau, ya shiga kwanar farko yana na biyu. Ƙafafun 'yan kallo sun turo rairayi kan turba. Tayarsa ta zame, ya shari ƙasa, yara suka yi ihu, wasu suka yi dariya. Igiyar tana hannuna, ban san lokacin da na dunƙule ta ba. Na ga ya tashi, ya dubi gwiwarsa, ya ɗaga keken. Bai dubi inda nake ba. Ya hau, ya bi sauran turbar shi kaɗai, ya zo na shida cikin shida. Da ya tafi gida da tserensa ya ƙare a nan. Da yake ya ƙarasa, aka rubuta masa makinsa. Ya zo na biyu a zagaye na biyu, ya zo na ɗaya a na uku, ya sami shiga na ƙarshe da ƙyar.

Da suka jeru, na ga kafaɗarsa ta ɗaga ta sauka sau uku. Na saki igiya. A layi na biyu ya doshi tuddan nan, yatsunsa duka a kan hannun keke, ya tashi, ya dira a bayan na biyu kamar an ajiye shi. Ya zo na uku. Ɗan maƙwabcina ne ya tafi da taya, na kuwa tafa masa da zuciya ɗaya, abin da ban iya ba shekara guda kafin haka. Ɗana ya wuce layin yana dariya, ya juya wajen abokansa. Sai da suka gama murnarsu ya tuna da ni.

Ya ɗan'uwana mai karatu, wataƙila ba ka taɓa ganin irin keken nan ba, ba kuwa lalle ka gani ba. Amma kana da ranar da za a saki ƙofa a gabanka ba tare da an gaya maka lokacin ba, ko jarrabawa, ko ciwo, ko shekarar da tsutsa za ta cinye tumatir kamar yadda ta yi mana a 2016. Ba a fafe gora ranar tafiya; haƙuri da kamun kai da za ka bukata a ranar, yau ake tara su, a ƙananan abubuwan da ba mai tafa maka. In kuma akwai yaro a hannunka, naka ko na wani, ka tambayi kanka tambayar da matata ta yi mini, tun kafin wani abu ya karye. In kai ne ka taɓa faɗuwa aka yi dariya, ka kama kekenka ka tafi gida, ka sani ba a rufe littafin maki ba tukuna.

Raleigh ɗin mahaifina yana nan a zaure. Mako guda bayan tseren, yaron ya kai shi wurin mai faci, aka sa masa sabon tiyub, aka zuba wa sarƙa mai. Da yamma muka bi hanyar gefen kanal, shi a kan ɗan guntun kekensa, ni a kan tsohon ƙarfe, ruwan Tiga yana tafiya a gefenmu. Da muka doshi wata kwana mai rairayi na ji yatsana yana neman birki. Ya waiwayo ya ce, "Baba, ka dubi inda za ka fita." Na duba, na fita.

Allah ya ba mu zuciyar tashi bayan faɗuwa, ya kuma ba mu hannu mai sauƙi a kan waɗanda ya danƙa mana.